Daga Wa Ka Karɓa?

A gidan marigayi Malam Abdulshakur da ke bayan Hubbare, samun sunan Malam ba shi da wuya. Da yaro ya fara tsirar gemu, ya iya riƙe littafi ba a kife ba, sai ka ji ana Malam wane. Mutum ɗaya ne ya tsufa a gidan har gemunsa ya yi fari fat ba a taɓa ce masa Malam ba, shi ne Siddiƙu, ɗan marigayin na biyu. Ticha ake ce masa. Jikoki su ce Kaka Ticha, matan gida su ce Baba Ticha, har mai turo ruwa a kura, da bai san komai a kan gidan ba, Ticha ya ji ana faɗi, Ticha yake faɗi.

Sunan ya daɗe da daina yi masa zafi. Abin da bai taɓa daina yi masa zafi ba shi ne ranar sauka.

Gidan yana da al'adarsa tun kaka da kakanni. Duk ranar da ɗalibi ya sauke littafi a hannun wani ɗan gidan, za a yanka rago a taru a zaure, ɗalibin ya karanta shafin ƙarshe ya fassara. Daga nan babban gida ya dubi wanda ya karantar ya tambaye shi daga wa ya karɓa, shi kuma ya faɗi sunan malaminsa. Sai a ɗaga hannu, babban gida ya ɗauko sunayen malaman gidan tun daga na farko, wane daga wane, wane daga wane, yana roƙa musu rahama ana amin, har ya iso kan sabon ya ƙulla shi a ƙarshe tare da na malaminsa. Sunan da ya shiga ya shiga ke nan, za a yi ta ambatonsa a kowace walima ko ƙasusuwan mai shi sun zama ƙasa. Wanda bai shiga ba kuwa, ranar da aka naɗe tabarmar ta'aziyyarsa ranar aka gama da shi.

Siddiƙu ya ci naman irin wannan walima har haƙoransa suka zube. Yana zaune a gefe ya ji sunan wansa Junaid ya shiga, ya ji na ƙannensa sun shiga, har ya ji na Abdulhamid, ɗan Junaid, yaron da ya taɓa yi masa fitsari a riga. Kullum shi ne mai amin da ƙarfi, kuma kullum a shafa addu'a babu sunansa.

Abin haushin shi ne ba shi ya zaɓa wa kansa ba. Lokacin da hukuma ta aiko cewa kowane babban gida ya ba da ɗa guda a sa shi boko, Malam Abdulshakur ya dubi 'ya'yansa. Junaid ya riga ya yi nisa a hadda, ba a taɓa shi. Siddiƙu kuwa yana da in'ina, ba ya haɗa aya guda sai an sha wuya, ga shi uwarsa ta rasu, babu mai kuka in an tafi da shi. Aka yi masa aski, aka ɗinka masa sabuwar taguwa, aka miƙa shi. Da shi aka fanshi sauran suka zauna suka zama malamai, sannan aka dawo ana yi masa kallon wanda ya bar hanya.

A kwaleji ya gamu da Latin, harshen Rumawan dauri. Yau babu uwar da ke rarrashin ɗanta da shi, amma Turanci da Faransanci duk sun sha nononsa, kuma har gobe lauyoyi da likitoci suna ɗiban kalmominsa suna yi wa talaka kwarjini da su. Mai koyar da shi wani dogon Bature ne mai jan wuya, Mista Fenwik, wanda 'yan makaranta ke kira Mai Lofe. Ba ya kunna lofen a aji, buga shi yake yi a tebur in ana karatu, ƙwas, ƙwas, don a ji inda murya za ta danna da inda za ta wuce. Bin wannan bugun ne ya warware harshen Siddiƙu. Ranar da ya karanta shafi guda bai sarƙe ba, Mai Lofe ya ajiye lofen ya dube shi, ya ce da gurguwar Hausarsa, "Yaro, kana da kai." Duk zamansa a gidan ubansa babu wanda ya taɓa gaya masa haka.

Ya gama, ya zama malamin Latin, yana ganin ya kama abin da zai tsufa da shi. Bai daɗe da farawa ba aka cire darasin daga makarantu, aka ce zamani ba ya bukatarsa. Aka mai da shi koyar da Turanci, ya yi ta fama da yaran da ba sa so har ya yi ritaya. Matarsa Saudatu ta rasu, 'ya'yansa suka watsu garuruwan aiki, babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa tambayarsa abin da ke cikin adakar da ke ƙarƙashin gadonsa. A gidan kuwa an raɗa wa abin suna Turancin matattu. Malam Junaid, wanda ya gaji buzun ubansu ya zama babban gida, yakan tsokane shi ya ce, "Larabci dai kullum muna jin shi masallaci. Naka hwa, Siddiƙu, wace maƙabarta aka zuwa a ji shi?" A yi dariya, shi ma ya yi, don in bai yi ba a ce ya cika zuciya.

Haka ake har Khaula ta shiga jami'a. 'Yar Abdulhamid ce, jikar Malam Junaid, tana karatun harhaɗa magunguna, ga baki kamar reza. Wata ranar bazara bayan la'asar ta same shi a gindin dogon yaron tsakar gida yana fifita, ido a lumshe.

"Tsohon miji," in ji ta, don wasan jika da kaka suke yi tun tana rarrafe, "barci kaka yi ko mutuwa kaka jira?"

"Ke nika jira ki kawo mani hura. Mi anka yi?"

Ta zube a gefen tabarma ta miƙa masa waya. "Sunayen itace anka ba mu mu haddace. Zogalen da nis sani tun ina goye, wai sai na kira shi da wani suna mai tsawo awa igiyar guga. Mama ta ce kai ka san Turancin matattu."

Ya janye wayar nesa da idonsa ya duba. "Wanga ai ba wuya. Cewa kawai anka yi icce mai ɗauke da mai. Ba a tatsar mai ga ɗiyan zogale? Wagga kuma bagaruwa ta, an ce ta bakin kogin Nilu."

Khaula ta saki baki. "Ashe magana ta? Ni na ɗauka surkulle na."

"Magana ta, ɗiyata. Mutane sun yi ciniki da ita, sun yi zage-zage da ita, sun yi kukan mutuwa da ita."

Ta sake kallon wayar, sannan ta ce ya koya mata. Wai akwai manhaja mai koyarwa, har tauraro take ba mutum in ya ci, amma ita ba ta gane kanta ba.

"To ki koma wurin mai tauraro," in ji shi. "Ni in za ni koya maki, karatun zaure za mu yi. Daga bango har bango, ba tsallake."

Ya faɗi haka ne don ta gudu, saboda ya san halin yaran yanzu, kuma ba ya son ya jawo adakar nan a banza. Ba ta gudu ba. Suka fara da littafin ƙa'idoji, mai bangon da gara ta ɗanɗana. Ta ja layi, ya fassara mata da Hausa, ta maimaita, ya gyara, su wuce. Haka ya ga ana karanta littattafan Larabci a zauren ubansa, kuma ko da aka kore shi daga zauren ba a kori zauren daga kansa ba. In tana karatu yakan buga yatsa a gwiwarsa, bai ma san yana yi ba.

Ya riga ya gaya wa kansa cewa ranar da ta gama jarrabawar itatuwa ranar zai daina ganinta. Ta yi jarrabawa, ta ci. Washegari bayan la'asar sai ga ta da littafi a hammata tana cewa ya matsa ya ba ta wuri. Tsoho ya rasa inda zai sa kansa. Ya yi mata tsiya cewa ta makara, ya shige ɗaki wai neman tabarau, alhali tabarau na kan hancinsa. A ɗakin ya tsaya ya dafa bango har numfashinsa ya daidaita. Tun daga ranar ya fara sa rai, shi da ya daɗe da hana kansa.

Da suka gama ƙa'idoji ya ciro mata littafin da ya fi so, na wani Barume da ya yi rubutu a kan noma da kiwo. Damina ta zo ta wuce suna ciki, aka yi kaka, aka sake yin zafi. Wata rana ta tsaya a tsakiyar layi ta fashe da dariya, ta ce wannan mutum ai kawunta ne na Wamakko ya sa zanen Rumawa, duk abin da yake faɗi a kan taki da lokacin shuka ta ji shi a bakin dangin uwarta a fadama. Siddiƙu ya ji daɗin maganar har ya kasa cin tuwo. Matan gida suna wucewa suna ƙunshe dariya, suna cewa Baba Ticha ya samu mai taya shi hira da matattu. Bai kula su ba, idonsa na kan shafukan da suka rage, kuma kullum raguwa suke yi.

Da ya ga saura kaɗan, sai ya sa babbar rigarsa ya tafi wurin wansa. Ya jira ɗaliban hantsi suka watse, ya zauna a bakin buzu kamar baƙo.

"Yaya, Khaula ta kusa sauka."

Malam Junaid ya ci gaba da jan tasbaha. Ya tsufa ƙwarai, idonsa ya yi hazo, amma kunnensa ras yake. Siddiƙu ya shirya jin maganar maƙabarta, ya ma tanadi dariyar da zai yi.

"Na sani," in ji Malam Junaid. "Kullum ina jiyo ku ta taga. Ban san mi kuka hwaɗi ba, amma na san muryar mai karatu in na ji ta. Karatu na. A yi walima."

Siddiƙu ya buɗe baki zai yi godiya, wansa ya ɗaga hannu.

"Sai dai abu guda. In na tambaye ka daga wa kak karɓa, mi za ka cewa?"

"Ai ka sani, Yaya."

"Na sani, shi ya sa nika tambaya. Mutumin ga bai yi salla ba har yam mutu. Ba ni iya ɗaga hannu cikin zauren Malam in roƙa mai rahama, ba ni iya ƙulla sunanai da na kakanninmu. Ko na so, ba ni da wagga dama. Ka ce daga Malam. Shi yaf fara kama hannunka bisa allo, ba ƙarya ta duka ba."

Malam a bakin 'yan gidan mutum ɗaya ne, mahaifinsu.

"Malam bai taɓa tambayata mi nika karatu ba," in ji Siddiƙu. "Ko sau guda."

"Allah shi jiƙan Malam. Kalma guda ta, ka hwaɗe ta ka shigo cikin 'yan'uwanka. Mun tsuhwa, ni da kai. Ba ni son in tahi in bar ka waje."

Da zagi ne da ya fi sauƙi. Siddiƙu ya san ƙauna ce ta sa wansa ya yi ta juya maganar har ya samo masa wannan ƙofa, kuma ya san babu wata bayan ita. Ya sunkuyar da kai ya ce, "To."

Kwanakin da suka biyo baya ya yi ta lallashin kansa. Mai Lofe ya daɗe da mutuwa can ƙasarsu mai sanyi, bai san ana yi ba, babu abin da zai ragu a jikinsa. Shi kansa da yana raye da ya ce a faɗi abin da za a faɗi a wuce. Kuma ashe ba uban ne ya miƙa shi bokon ba? To, ta wata fuskar daga gare shi ya karɓa. Yakan kai nan ya ji ya gamsu, sai kuma muryar mahaifin nasa ta dawo masa, yana gaya wa ɗalibai a zaure cewa duk wanda ya ɓoye malaminsa albarkar karatu ta bar shi. A gidan nan ya koyi wannan, kuma gidan nan ne ke cewa ya karya shi kafin a buɗe masa. Bai gaya wa Khaula komai ba. Ya tafi kara, kasuwar dabbobi, da kansa cikin rana, ya zaɓo farin rago mai ƙaho a murɗe, irin wanda ko a layya ba kowa ke yankawa ba. Yara suka biyo shi har gida suna ihu, maƙwabta suna tambaya ko Ticha aure zai ƙara.

Aka sa wata Laraba bayan la'asar. Da yake mai saukar mace ce, a zauren ciki aka yi, kamar yadda ake yi wa matan gidan tun da. Maza suka jeru a jikin bango, mata suka cunkushe a bayan ƙofa, ƙanshin nama na shigowa daga tsakar gida. Rabin waɗanda suka zo dariya ta kawo su, kowa na son ya ji yadda matattu ke magana. Malam Junaid na kan buzu, Abdulhamid na damansa yana ta gyara hula don bai san ko alfahari zai yi da 'yarsa ko kunya zai ji ba. Aka shimfiɗa wa Siddiƙu darduma a hagun wansa, wurin da bai taɓa zama ba.

Khaula ta zauna a gabansu cikin farin hijabi, ta buɗe littafi ta fara. Da farko an ji 'yan ƙus-ƙus, wani saurayi ya toshe baki da hannun riga. Ba ta ɗaga kai ba. Muryarta ta daidaita, tana dannawa inda ake dannawa tana wucewa inda ake wucewa, har zauren ya yi tsit, don mutanen gidan ko ba su san harshe ba sun san karatun da aka ƙware.

A nan ne idon Siddiƙu ya sauka kan hannunta. Yatsarta na dama na bugun tabarma a hankali, tana bin karatun. Bai taɓa ce mata ta yi haka ba. Bai taɓa ba ta labarin lofen ba. A gwiwarsa ta gani ta ɗauka, kamar yadda shi ya ɗauka a tebur ɗin wani mutum da ta zo duniya bayan ya bar ta. Ya kau da kai ya dubi rufin zaure, amma kunnensa na jin bugun.

Ta gama, ta fassara. Magana ce a kan manomi da ya kai amfaninsa gida, ya jingine kayan aiki, ya bar gona ta huta kafin wata shekara. Wani tsoho daga dangin Wamakko ya gyaɗa kai ya ce, "Gaskiya ta wallahi." Masu neman abin dariya suka nemi inda za su sa idonsu.

Malam Junaid ya yi gyaran murya, ya juyo da fuskarsa wajen ƙanensa.

"Siddiƙu ɗan Abdulshakur, ɗalibarka ta sauka. Daga wa kak karɓa?"

Bai ce Ticha ba. Kowa ya lura, har aka ji motsi a bayan ƙofa.

Siddiƙu ya buɗe baki ya faɗi abin da suka shirya, harshensa ya ƙi. In'inar da ya rabu da ita tun yana ɗan makaranta ta dawo ta shaƙe shi a gaban jikoki, leɓɓansa na rawa, babu abin da ke fita sai iska. Ya sake gwadawa, abin ya ƙara muni. Gumi ya karyo masa. Hanya ɗaya ya sani ta kwance wannan ƙulli, kuma hannunsa ya riga shi tunawa. Yatsarsa ta bugi gwiwa, ta sake bugu, numfashi ya dawo, magana ta fito sumul.

"Daga Mista Fenwik nik karɓa. Wani Bature na, Mai Lofe muka ce mai. Shi yak koya mani, babu wani."

Malam Junaid ya rufe ido ya daɗe a haka, tasbaha ta tsaya a hannunsa. Sannan ya ɗaga hannuwa, kowa ya ɗaga. Ya ɗauko sunayen tun daga na farko, wane daga wane, muryarsa na rawa fiye da yadda tsufa ke sa ta rawa. Ya zo kan mahaifinsu, ya zo kan kansa, ya bi ƙannensu ɗaya bayan ɗaya, ya zo kan Abdulhamid daga Junaid. Ya tsaya. Siddiƙu ya san abin da zai biyo baya, shi ya jawo shi da bakinsa, amma duk da haka zuciyar banza ta ɗaga kai tana jira.

"Allah shi yi ma ɗiyarmu Khaula albarka," in ji Malam Junaid, "shi ba ta abokin zama nagari. Allah shi saka ma ƙanena Ticha da alheri, shi yak kawo ragon ga."

Aka ce amin, aka shafa. Siddiƙu ma ya ce amin da ƙarfi, don bakinsa ya saba.

Aka fara shigo da farantai, hayaniya ta tashi, mutane suka ji daɗin samun abin yi da hannuwansu. Da Abdulhamid ya kama mahaifinsa zai tashe shi, tsohon ya rankwafo kusa da kunnen ƙanensa, idonsa jike.

"Na buɗe maka, Siddiƙu."

"Na gani, Yaya."

Siddiƙu ya naɗe dardumar da aka shimfiɗa masa ya miƙa wa mai ita, ya ratsa tsakar gida ana ta yi masa barka, ya shiga ɗakinsa ya zauna a bakin gado. Bai yi nadama ba, kuma rashin nadamar bai rage masa komai ba. Baƙin ciki ne kawai, irin na wanda ya yi daidai aka bar shi da daidai ɗinsa.

Rana ta yi ja Khaula ta yi sallama ta shigo, kwanon nama a hannu ɗaya, littafin a ɗaya. Babu tsohon miji yau, babu tsokana. Idonta ya kumbura. Ta ajiye kwanon, ta durƙusa ta miƙa masa littafin da hannu biyu kamar yadda ɗalibai ke yi.

"Riƙe shi," ya ce. "Naki na. Har adakar, in kina so."

"Kaka, Baba ya hwaɗa mani abin da Malam Junaid yac ce ka ce. Don mi ba ka ce ba? Kalma guda ta."

"Ke kih hana ni."

"Ni?"

Ya dubi yatsarta da ke kan bangon littafin, wadda ta yi ta bugun tabarma ɗazu. Ta share ido da gefen hijabi, ta gyara zama, ta yi magana da ƙarfin da ya san ta da shi.

"To ni dai ban ɓoye ka. Duk ranar da anka tambaye ni daga wa nik karɓa, cewa za ni yi daga Malam Siddiƙu, shi kuma daga Mai Lofe. Ko gaban wa."

Malam Siddiƙu. Tun da ya zo duniya yau ya fara jin sunan, a ɗaki, babu shaida sai kwanon nama. Ya so ya ji daɗi, ya nemi daɗin a ransa, ya tarar da lissafin da ya daɗe da sani. Yarinyar za ta gama jami'a ta tsaya a bayan kantar shagon magani tana miƙa wa mutane ƙwayoyi, za ta yi aure ta bar gidan, kuma a duk faɗin Sakkwato babu wani zaure da ake wannan tambaya sai wanda suka fito daga cikinsa yanzu.

"Khaula," ya ce a hankali, "wa za shi tambaye ki?"

Daga tsakar gida wata murya ta ɗago tana ce wa Baba Ticha Allah ya ƙara buɗi, rago ya yi mai.